Tambaya da Amsa: Shin 'yan gari ɗaya kan shiga sojan kundumbala tare, su kuma yi yaƙi tare?

A wannan fitowar mun ware filin gaba ɗaya ga magana guda, saboda wasiƙu huɗu da suka iso mana a kanta, kowace ta ɓullo wa batun ta tata fuskar. Mun taƙaita wasiƙun domin ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, na ji ana cewa a lokutan yaƙi rundunar sojojin kundumbala ta Amurka takan ɗebi samarin gari guda, ta horar da su tare, sannan ta kai su bakin daga tare. Shin gaskiya ne, ko kuwa zuƙi-ta-malle ce irin ta fim? Kuma su waɗannan sojoji, na ruwa ne ko na ƙasa? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Bari mu fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ke rikita mutane da yawa. Sojojin da gidajen rediyonmu ke kira na kundumbala, waɗanda Amurkawa ke ce wa Marin, mayaƙan ƙasa ne da jirgin ruwa ke ɗauka ya kai su gaɓar abokan gaba, su dira su ƙwace ta da ƙarfin bindiga. Runduna ce mai zaman kanta, amma tana ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwa, har ma masu yi wa mayaƙanta magani a fagen fama daga sojan ruwa ake aro su. An kafa ta a Filadelfiya ranar 10 ga Nuwamba 1775, wato ta girmi sanarwar 'yancin kan ƙasar da 'yan watanni.

Game da tambayar farko kuwa, rabinta gaskiya ne, kuma rabin da ba gaskiya ba shi ne ya fi muhimmanci. Gaskiya ne an sha rantsar da samarin gari guda ko jiha guda a rana ɗaya, aka zuba su a jirgin ƙasa ko bas, aka kai su difo suka sha horo a rukuni guda. Abin da ba kasafai yake faruwa ba shi ne a bar su a haɗe bayan sun fita daga kurtu.

Dalilin haɗa su tun farko ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, ranar 7 ga Disamba 1941, rundunar tana da mutum kusan 65,000 ne kacal, amma kafin yaƙin ya ƙare a 1945 ta haura 470,000. Wanda ke neman mutane da wannan yawa cikin gaggawa ya san cewa yaro ɗan shekara 18 ba mutuwa ya fi tsoro ba, domin bai san ta ba tukuna. Abin da ya fi tsoro shi ne ya tafi shi kaɗai cikin baƙin fuskoki. Idan aka ce masa zai tafi da abokin da suka tashi a layi ɗaya, sai ka ga ya sa hannu, uwarsa ma ta ɗan sami natsuwa. Ga kuma ribar biki, domin rantsar da samari a bainar jama'a, da kiɗan badujala da jawabin magajin gari, talla ce da ke jawo wasu. An ci gaba da wannan dabara har zamanin yaƙin Biyetnam. A watan Yunin 1967, alal misali, an rantsar da matasa fiye da ɗari na jihar Minesota a tsakiyar filin wasa, gaban dubban 'yan kallo, kafin a fara wasan ƙungiyar Twins, aka kuma laƙaba wa rukunin nasu sunan ƙungiyar. Daga nan aka wuce da su San Diyego, da yawansu kuma suka tsinci kansu a Biyetnam a 1968, shekarar da ta fi kowace zubar da jinin Amurkawa a wannan yaƙi.

Difo biyu rundunar ke da su, ɗaya a tsibirin Parris da ke jihar Karolina ta Kudu, ɗaya a San Diyego da ke Kalifoniya, kuma a al'ada kogin Misisipi ne ke raba wanda za a kai gabas da wanda za a kai yamma. A yau horon makonni 13 ne, amma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu bai cika wuce bakwai zuwa takwas ba. Abin lura shi ne, duk tsarin wannan horo an gina shi ne domin a kankare wa kurtu garinsu daga jikinsa. A daren da ya sauka ake yi masa ƙwal-kwabo, a karɓe tufafin da ya zo da su, a ba shi kaki da takalmi irin na kowa, sajan mai horarwa kuma ba ya tambayar wa ya san wa. Abokai biyu za su iya kwana a gado na sama da na ƙasa har mako guda ba su sami sararin yin hira ta minti biyar ba. Ranar da aka yi faretin yaye su kuwa, sai a karanta wa kowa sana'ar da aka zaɓa masa: wannan bindiga, wannan igwa, wannan rediyo, wancan tuƙin mota ko gyaran jirgin sama. A nan ake rabuwa. Alƙawarin da mai ɗaukar kurata ya yi iyakarsa ƙofar difo, kuma wanda ya zaci ya zarce nan, to ya sha romon baka ne.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon soja ne, na yi ritaya da daɗewa, mahaifina kuma ya je yaƙin Bama. Abin da na sani shi ne mutum ba ya gudu ya bar ɗan garinsu, domin ya san labarin zai riga shi isa gida. To me ya sa hukumomin soja ke wargaza 'yan gari ɗaya, alhali haɗuwarsu ƙarfi ce? Daga wani dattijo a Zariya.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan mahaifinka da sauran mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi fama a dazuzzukan Bama. Maganarka dutse ce, kuma hafsoshin da suka yi nazarin abin da ke tsayar da soja a ramin daga sun yarda da kai: ba tuta ba ce, ba kuma jawabin shugaban ƙasa ba, kunyar na kusa da shi ce. Sai dai wannan ƙarfi yana da farashi, kuma ba rundunar ce ke biyansa ba, garin ne ke biya.

Ingila ce ta fara ɗanɗana wannan da kyau. A watan Agustan 1914, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka yi wa samari alƙawarin cewa duk waɗanda suka shiga tare za su yi aiki tare, sai garuruwa da masana'antu da ƙungiyoyin wasa suka riƙa haɗa bataliyoyinsu na abokai. Garin Accrington da ƙauyukan kewayensa, a yankin masaƙun Lancashire, suka haɗa tasu. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, mutum kusan 720 na wannan bataliya suka fito daga ramukansu suka doshi ƙauyen Serre, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci 584 daga cikinsu sun mutu, ko sun ji rauni, ko sun ɓace. A lissafin janar, asarar bataliya ɗaya ce cikin bataliyoyi masu yawa, domin a wannan rana kaɗai sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. A Accrington kuwa kusan babu layin da ba a yi zaman makoki ba. Tun daga nan Ingila ta bar wannan tsari ya mutu, ta riƙa cike giɓin bataliyoyin da mutanen ko'ina.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma Amurka sai da ta ga nata. Garin Bedford na jihar Bajiniya, mai mutum kusan 3,200, yana da samari a kamfani guda (wato wani ɓangare na bataliya) na dakarun tsaron jiha, kuma wannan kamfani na cikin waɗanda suka fara dira gaɓar Omaha a Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum 19 na garin suka mutu a ranar. Labarin bai iso ba sai tsakiyar watan Yuli, lokacin da na'urar tangaraho da ke cikin wani kantin magani na garin ta fara fitar da saƙonnin ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, mai karɓar saƙon kuma ta san kowane suna da kowane gida. Waɗannan sojan ƙasa ne, ba na kundumbala ba, amma darasin ya fi shafar na kundumbala, saboda irin aikinsu. Wanda sana'arsa ita ce dira a gaɓar da aka girke wa manyan bindigogi yakan yi asararsa ne a dunƙule, cikin sa'o'i kaɗan. A ɗan tsibirin Tarawa da ke tekun Pasifik, a yaƙi da Japan, a watan Nuwamban 1943, kusan mutum 1,000 na rundunar suka mutu cikin sa'o'i 76. Ka ƙaddara a ce kwale-kwalen farko da ya doshi wannan gaɓa 'yan unguwa ɗaya ne a ciki.

Akwai kuma dalilai na gudanar da aiki waɗanda ba ruwansu da tausayi. Runduna tana tura mutum ne inda giɓi yake, ba inda abokinsa yake ba. Da yaƙin Koriya ya taso a 1950, an kira sojojin ko-ta-kwana na rundunar, wato farar hula da ke taruwa lokaci-lokaci suna atisaye a garuruwansu, suka bar gida a ƙungiyance ana ɗaga musu hannu a tashar jirgi. Da suka isa barikin Pendleton a Kalifoniya sai aka rusa ƙungiyoyin, aka rarraba mutanen gwargwadon ƙwarewarsu domin cike runduna ta ɗaya, wadda ta dira Incon ranar 15 ga Satumba. A Biyetnam kuma galibi sojan kundumbala wata 13 yake yi, ya je shi kaɗai ya dawo shi kaɗai, ta yadda rukuni guda kan ƙunshi wanda ya zo jiya da wanda saura masa mako ya tafi. Wannan tsari na ƙarshe ya sha suka daga tsofaffin sojoji da dama, kuma hujjarsu ita ce taka, Baba, cewa an tura mutum ya mutu tsakanin waɗanda ba su ma riƙe sunansa ba.

Kada kuma a ɗauka cewa rarrabawar kan tsare gari daga baƙin ciki. Morenci ƙaramin gari ne na masu haƙar tagulla a tsaunukan jihar Arizona, mai mutum kusan 5,000, inda kamfanin ma'adinai ya mallaki gidaje da kantuna, inda kuma yaron da ya gama sakandare ba shi da zaɓi mai yawa: ramin ma'adinai, ko kaki, ko jami'a ga wanda iyayensa ke da hali. Ranar 4 ga Yuli 1966, ranar bikin 'yancin kan Amurka, samari tara na garin, takwas daga cikinsu ba su daɗe da karɓar takardar gama makaranta ba, suka hau bas suka nufi San Diyego. Tare suka sha horo, sannan aka watsa su. Tsakanin 1967 da 1969 shida daga cikin tara suka mutu a Biyetnam, ba rana ɗaya ba, ba kuma wuri ɗaya ba. Maimakon bugu guda irin na Accrington, sai garin ya riƙa karɓar gawa yana binnewa, ya ɗan huta, wata ta iso. A ganina, abin da labarin Morenci ke nunawa shi ne cewa tushen matsalar ba a wajen rabon rukuni yake ba, yana can wajen ɗiba: garuruwan talakawa ne ke ba da 'ya'ya fiye da kasonsu, yayin da ɗan mai hali ke samun ɗagin shiga soja muddin yana jami'a.

TAMBAYA: Malam, malaminmu na tarihi ya ce akwai wata ƙabila a Amurka da aka ɗebi 'ya'yanta aka horar da su tare saboda harshensu. Ina neman ƙarin bayani. Daga ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Malaminku ya yi gaskiya, 'yata, kuma wannan shi ne misalin da haɗa 'yan ƙasa ɗaya ya zama ainihin manufar, ba dabarar talla ba. Ƙabilar ita ce Nabaho, ɗaya daga cikin 'yan asalin nahiyar, mazauna yankin da ya ratsa jihohin Arizona da Sabuwar Meziko da Yuta. Wani mai suna Philip Johnston, ɗan wani mai wa'azin Kirista da ya tashi a cikinsu yana jin harshensu, shi ya kai wa rundunar shawara a farkon 1942 cewa a yi amfani da harshen a rediyo, tunda kusan babu wanda ke jin sa a wajen ƙabilar. A watan Mayun wannan shekara aka rantsar da samari 29, aka kai su San Diyego a matsayin rukuni mai lamba 382.

Bayan horon kurtu aka ba su aikin ƙirƙiro zaurance, domin harshen kaɗai bai isa ba, kuma ba shi da sunayen kayan yaƙin zamani. Sai suka koma ga abin da suka sani a gida. Tankar yaƙi suka kira ta kunkuru, jirgin ƙarƙashin teku ya zama kifin ƙarfe, gurneti ya zama dankali, bama-bamai suka zama ƙwai, jiragen sama kuma aka raba musu sunayen tsuntsaye. Sun fara da kalmomi 211, duk a ka, ba a yarda a tafi fagen fama da takarda ba. Ko ɗan ƙabilar Nabaho da ba a koya wa zaurancen ba, in ya saurara, zai ji kalmomin harshensu ne a jere ba tare da ma'ana ba. Japan ba ta taɓa warware shi ba har yaƙin ya ƙare.

Amma lura da cewa su ma ba a bar su a dunƙule ba. An rarraba su cikin rundunoni, domin amfaninsu shi ne a sami ɗaya a wannan bakin rediyo, ɗaya a wancan. Kimanin 400 ne suka yi wannan aiki, daga tsibirin Guadalcanal a 1942 har tsibiran Iwo Jima da Okinawa a 1945. Abin takaicin shi ne da yawansu sun fito ne daga makarantun kwana inda ake hukunta yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa. Da suka dawo an umarce su da su yi shiru, ba a bayyana sirrin ba sai 1968, kuma sai a 2001 aka ba na farkon su 29 lambar zinariya ta majalisar dokoki, lokacin da 'yan kaɗan ne suka rage da rai. Na ƙarshensu, Chester Nez, ya rasu a 2014.

TAMBAYA: Malam, an ce Amurka ta kafa dokar da ta hana 'yan'uwa na jini aiki a runduna ɗaya. Haka ne? Kuma yanzu an daina haɗa 'yan gari ɗaya ke nan? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, wannan magana ta yaɗu ƙwarai, amma majalisar dokokin Amurka ba ta taɓa kafa irin wannan doka ba. Asalin zancen shi ne labarin 'yan gidan Sullivan su biyar, daga garin Waterloo na jihar Iowa, sojan ruwa ne, waɗanda suka nace sai an sa su a jirgi ɗaya. Jirgin, mai suna Juneau, ya nutse a watan Nuwamban 1942 kusa da Guadalcanal, kuma babu wanda ya tsira a cikinsu. Abin da aka samu shi ne ƙa'idoji na cikin gida da ba sa ƙarfafa haɗa 'yan'uwa wuri ɗaya, da kuma tanadin 1948 wanda ya keɓe daga shiga soja na tilas ɗa namiji tilo da ya rage wa gidan da yaƙi ya riga ya ci wa wasu 'ya'ya.

Game da yanzu, har gobe abokai na iya neman a tura su difo tare, da sharaɗin da muka faɗa a sama. Inda tsohon tsarin ya rage da ransa shi ne wajen sojojin ko-ta-kwana, tunda dole a kafa rukunansu kusa da inda mutanen ke zaune da aiki. A yaƙin Iraƙi, saɓanin abin da aka yi a 1950, an riƙa tura waɗannan rukunai a dunƙule. A 2005 aka tura bataliya ta 3 ta rajimanti na 25, mai hedikwata a Brook Park ta jihar Ohayo, zuwa lardin Anbar a yammacin Iraƙi. Mutanenta ɗalibai ne da 'yan sanda da ma'aikatan kamfanoni, wasu sun yi makaranta ɗaya, matansu sun san juna. Ranar 1 ga Agusta aka kashe shida daga cikin gwanayen harbinta kusa da garin Hadisa. Kwana biyu bayan haka wata ƙatuwar nakiya da aka binne a hanya ta tashi da motar da ke ɗauke da wasu, mota ce da aka ƙera domin fitowa daga teku zuwa gaɓa, sulkenta ba mai kauri ba, mutum 14 suka mutu nan take tare da tafintansu. Yawancinsu 'yan kamfanin Lima ne, wanda mazauninsa ke birnin Columbus. Kafin bataliyar ta koma gida a ƙarshen wannan zango ta rasa mutum 48, kuma 23 daga cikinsu na wannan kamfani ɗaya ne.